Na rubuta wa yayan matata “ba da ni ba”, yanzu gaisuwa ma da ƙyar yake amsawa

Tambaya

Assalamu alaikum. Ni direba ne a wani kamfani a Jidda, iyalina suna Kano. Yayan matata ya riga ni zuwa ƙasar nan da shekaru, kuma shi ya tsaya mini har na samu aiki. Kwanan baya ya haɗa adashi na mutum goma sha biyu, kowa riyal 500 a wata. Ya sa sunana bai tambaye ni ba, ya kuma rubuta a zaurenmu na WhatsApp cewa asusuna na banki za a riƙa tura zubin, tunda ni takarduna daidai suke. Albashina riyal 2,000 ne, rabi gida yake tafiya. Da na ga saƙon sai na rubuta “Ba da ni ba”, ban ƙara komai ba. Tun ranar Yaya da ƙyar yake amsa gaisuwata, wani a cikinsu ma ya ce na mai da su ’yan damfara. Ni kuwa abin da nake nufi kawai ba zan shiga ba. Maganar zagi ce? Yaya zan gyara ba tare da na shiga adashin ba?

Amsa

Wa alaikumus salam, Malam. Maganar ba zagi ba ce, amma ta fi “ba zan shiga ba” nauyi nesa ba kusa ba, kuma mutanen nan ba ƙage suka yi maka ba, abin da Hausa ta ba su suka ji. Ƙin shigar da ka yi daidai ne, kada ka janye shi. Abin da ke buƙatar gyara shi ne kalmar da ka zaɓa da wurin da ka ajiye ta.

“Ba da ni ba” magana ce mai wutsiya. Cikakkiyarta ita ce “ba da ni ba, gaɗa a hurumi”, wasu su ce a maƙabarta. Gaɗa wasan tafi da waƙa ne na ’yan mata a dandali, hurumi kuwa wurin da ake rufe mamata. Wanda ya faɗi wannan yana cewa ne abin da ake shirin yi bai dace ba, ko kuma akwai masifa a ƙarshensa wadda shi ya hango. Ko ba ka ƙarasa karin maganar ba, kunnen Bahaushe zai ƙarasa maka ita. Shi ya sa ake jin ta a irin waɗannan wurare: samari sun haɗu za su je rama faɗa, ɗaya ya miƙe ya ce “ba da ni ba”, wani ya zo da labarin hanyar da kuɗi ke ninkawa cikin wata guda, dattijo ya girgiza kai ya ce “ba da ni ba”. A duk wuraren biyu mai maganar ya cire kansa, ya kuma yanke wa abin hukunci. Tsakanin sa’o’in juna akan faɗe ta da dariya a kan ƙaramin abu, kamar fita yawo da tsakar rana a zafin Jidda, ta wuce babu wanda ya riƙe. Da zarar kuɗin jama’a sun shigo ciki, dariyar ta tafi, sai hukuncin ya rage.

Wadda ka so ka faɗa ita ce “ban da ni”. A rubuce kusan ɗaya suke, a aiki kuwa kowacce da hanyarta. “Ban da ni” maganar lissafi ce. Ana ƙirga masu zuwa umara daren Alhamis, ka ce “ban da ni, ina da aiki da safe”, a tsallake sunanka a ci gaba. Ba ta taɓa umarar ba, ba ta taɓa masu tafiyar ba. Duk da haka ita ma ba a miƙa ta tsirara ga na gaba, sai an lulluɓe ta da uzuri da addu’a.

Akwai ’yan uwansu da ya kamata ka san matsayin kowacce, domin zaman nan kullum cikin gayyata yake. “Ba ruwana” ta fi duka ciwo a tsakanin dangi, saboda ba aikin kaɗai take ture wa ba, har da mutanen: ko ya yi kyau ko ya lalace, kada a neme ni. Yaranmu da aka haifa a nan sukan ɗauko “ma li dakhal” ta Larabci su juya ta kai tsaye zuwa “ba ruwana”, su faɗa wa kawu ko gwaggo, su rasa dalilin da fuska ta canja. “A kai kasuwa” ta mai da tayin da aka yi maka haja marar daraja, ta dace da ɗan talla mai naci, ba ta dace da suruki ba. “Allah ya kiyaye” da “Allah ya sawwaƙe” kuwa na abin ƙyama ne, wanda ya amsa gayyatar adashi da su ya gama ɓata zumunci.

A ɗaya gefen akwai masu taushi: “a yi mini uzuri”, “a ɗauke mini wannan”, “sai dai wani jiƙon”. Ka lura da yadda Bahaushe ke ƙin abu a rayuwar yau da kullum. An taya kayansa a farashin da bai yi masa ba, ya ce “albarka”. An ce masa bisimilla ga abinci, ya ce “alhamdu lillahi”. Bai sayar ba, bai ci ba, amma babu wanda ya tashi da ɓacin rai, domin abin da ya fito daga bakinsa alheri ne. Wannan tsarin yana da tushe a addini ma. Muslim ya ruwaito daga Abu Huraira cewa idan aka gayyaci mutum ya amsa, in yana azumi sai ya yi wa masu gidan addu’a, in ba ya azumi ya ci. Wanda ba zai sa hannu a akushi ba bai tsira daga zuwa da addu’a ba. Haka ƙin shiga yake a wurinmu: a ƙi abin, a riƙe mutanen.

Abubuwa uku suka ƙara wa kalmarka nauyi. Na farko wanda ka faɗa wa. Da ƙanin matarka ne, abokin wasanka ne, da ya mayar maka da wata ku yi dariya. Yayan mata kuwa sahun surukai yake, akwai kunya a tsakaninku, balle shi ne ya yi maka hanya. Na biyu wurin: a gaban mutum goma da ya tara da sunansa. Mai haɗa adashi ba shi da wani jari sai yardar da aka yi masa, kuma mutumin da ya fi kusa da shi, wanda ya zaɓa ya riƙe kuɗin, shi ne ya fara ja da baya a bainar jama’a. Dole sauran su tambayi kansu me ka sani wanda su ba su sani ba. Na uku, rubutu ne. Da baki ka faɗa, da muryarka da sunkuyar da kanka sun rage mata kaifi. Kalma huɗu a fuskar waya ba su da murya, kowa da irin sautin da zai karanta su.

Ba mu ce Yaya bai yi kuskure ba. Sa sunan mutum a adashi ba da saninsa ba kuskure ne, ba da asusunsa ga jama’a ba da izininsa ba ya fi wancan girma. Dukiyar Musulmi ba ta halatta sai da daɗin ransa, wannan hadisi ne sananne. Mai yiwuwa ya yi hakan ne don ya ɗauke ka nasa, wanda ba sai an tambaya ba. Amma ranar ban haƙuri ba ranar lissafa masa laifinsa ba ce. Idan ka buɗe da “ai kai ma ba ka tambaye ni ba”, zaman ya koma shari’a.

Kafin ka je wurinsa, ka tabbatar wa kanka dalilinka, don kada kunya ta kwashe maka ƙafa. Riyal 1,000 ke rage maka bayan ka aika gida. Zubin 500 rabin wannan ne, wata goma sha biyu a jere, babu fashi ko albashi ya makara ko an yi rashin lafiya a Kano. Adashi kuma bashi ne da ke zagayawa. Wanda ya kwasa a watan farko ya karɓi 6,000 alhali 500 kawai ya zuba, ana bin sa 5,500. Wanda ke ƙarshe shi ya ranta wa kowa, sai ya zuba 5,500 kafin ya ga ko riyal ɗaya. A gida, wanda ya kwasa ya daina zubi an san ƙofar gidan ubansa. A nan mutum yana iya rasa aiki, kafili, wato wanda ya ɗauki nauyin zamansa a ƙasar, ya yi masa takardar fita ta ƙarshe, ko a kama shi a mayar da shi gida cikin ’yan kwanaki, ba da mugun nufi ba. Ɗauki misalin wanda ya kwasa a wata na biyu ya bar ƙasar bayan wata na huɗu: ya zuba 2,000, ya tafi da 6,000, giɓin 4,000 ya faɗa kan mutum takwas da ba su kwasa ba, kowannensu zai karɓi 5,500 maimakon 6,000. Kuma ba wanda ya tafi za a tuhuma ba, wanda kuɗin ke bi ta hannunsa za a kira.

Maganar asusu ta fi ta zubin haɗari, kuma a kanta ba ma so ka sassauta ko kaɗan. Mutum goma sha ɗaya za su riƙa turo maka jimillar 5,500 kowane wata, wato 66,000 a shekara, a asusun da albashinsa na shekara 24,000 ne. Kuɗi su shigo daga hannaye daban-daban, su fita a dunƙule bayan kwana ɗaya ko biyu: irin motsin da bankuna ke sa wa ido ke nan a ƙarƙashin dokar hana halasta kuɗin haram, kuma Babban Bankin Saudiyya da bankunan kansu suna yawan gargaɗin kada mutum ya bari a yi amfani da asusunsa wajen karɓar kuɗin wasu ko tura su. Ranar da aka tambaye ka tushen kuɗin, kai kaɗai za ka amsa, kuma cewa da aka yi an zaɓe ka ne don takardunka suna daidai yana nufin akwai masu zubin da ba za su iya zuwa su tsaya maka shaida ba. Ga kuma matsalar iƙama, wato takardar izinin zama: asusun baƙo a ɗaure yake da ita, idan ta ƙare kamfani ya yi jinkirin sabuntawa banki kan tsayar da asusun har sai an gyara. Idan hakan ta faɗo a makon kwasa, kuɗin wani sun maƙale a hannunka, ga shi ya riga ya yi wa gida alkawari.

Abu ɗaya kada ka yi: kada ka fake da cewa adashi haramun ne. Majalisar manyan malaman Saudiyya ta duba irin wannan tsarin, wanda Larabawa ke kira jam’iyya, a shekarar 1410 ta Hijira, kuma mafi rinjayensu suka halatta shi. Akwai malaman da suka saɓa, amma idan ba wannan ne ainihin dalilinka ba, ɗauko shi zai ƙara wa mutanen wani zargin a kan na farko, daga ’yan damfara su koma masu cin haram.

To, ga yadda za ka gyara. Kada ka fara da zauren. Wanda aka ɓata wa a gaban jama’a a keɓe ake fara ba shi haƙuri, sannan a dawo gaban jama’ar a wanke shi. Ka je da ƙafarka, kada ka kira a waya. Ka zaɓi lokacin da ba ya cikin mutane kuma ba a gajiye yake ba, bayan sallar Isha ko yammacin Juma’a. Kada ka wuce wannan makon, domin suna buƙatar sanin matsayinka kafin zubin farko don su nemi wanda zai maye gurbinka ko su mai da adashin na mutum goma sha ɗaya. Ka gaishe shi gaisuwa cikakkiya, ka tambayi aiki da mutanen gida, ko da amsar tana zuwa a gajarce. Sannan ka faɗi abin da ya kawo ka, kusan haka:

“Yaya, na zo ne a kan abin da na rubuta. Kalmar ta yi kaushi, kuma bai kamata in faɗe ta a gaban jama’a ba. A yi haƙuri. Ban zargi kowa ba, balle kai. Adashin ne ba zan iya ɗauka ba a bana, asusun ma ba zan iya bayarwa ba. A yi mini uzuri. Allah ya sa albarka a abin da aka haɗa.”

Ka dubi jerin. Ban haƙuri a kan kalma ya zo farko, wanke shi daga zargi ya biyo, sannan ƙin shigar a fili da “ba zan iya ba”, aka rufe da addu’a. Idan ka cire na uku don kunya, ka je ka ba da haƙuri ne kawai, kuma a al’adarmu wanda ya ba da haƙuri ya yi shiru ana ɗauka ya sauko. Nan mafi yawan mutane ke faɗawa. Yaya zai ce “ba komai, ya wuce, sai ka turo naka ranar biyar ga wata”, kai kuma nauyin bakinsa ya hana ka musu, ka fito da adashin da ka je gudu. In ya faɗi haka, ka maimaita a hankali: “Na gode da aka yafe mini, Yaya. Amma zubin dai a ɗauke mini.” Ko sau uku ya juyo da maganar, amsarka kada ta canja kama. Sabuwar amsa sabuwar ƙofa ce.

Dalili ɗaya ya isa, kuma ya zama na gaskiya. Duk uzurin da ake iya warwarewa za a warware maka shi nan take. Ka ce ba ka da kuɗi wannan watan, a ce za a zuba maka ka biya daga baya. Ka ce 500 ta yi yawa, a haɗa ka da wani ku riƙe hannu ɗaya, kowa 250. Ka ce kana tsoron wani ya gudu, ka koma kan zargin da ka zo gogewa, har a tambaye ka wa kake nufi. Abin da ba a iya warwarewa shi ne hukuncin da mutum ya yanke a kan aljihunsa: “Na duba abin da nake samu da abin da ke kaina a gida, ba zan ɗauki wani alkawarin wata-wata ba a bana.” A kan asusu kuma ka jingina da doka, domin gaskiya ce kuma ba ta taɓa mutuncin kowa: “Asusun albashi ne, idan kuɗin da suka fi albashina suka riƙa shiga za a tambaye ni, in aka tsayar da shi kuɗin mutane ne za su maƙale.” Wannan dalilin kare su yake yi, kuma mai hankali zai gane.

Ka guji “in sha Allahu”, “bari mu gani” da “zan yi shawara” idan ka san ba za ka shiga ba. A gayyatar shan shayi suna iya wucewa a matsayin a’a mai ladabi, mu da Larabawan duka mun saba da hakan. A adashi kuwa mai rubuta suna “e” yake ji. Kuma fita a tsakiya ta fi ƙin shiga tun farko muni ƙwarai. A ce ka zuba wata uku sannan ka gaza: 1,500 ɗinka suna hannun mutum uku da suka kwasa, sai ka bi kowannensu ya mayar maka da 500, sauran takwas kuma da suka ƙulla lissafinsu a kan 6,000 za su koma 5,500. Ɓacin ran kwana biyu ya zama na shekara. In da gaske shawarar kake so ka yi a wani abu nan gaba, ka sa mata rana: “Gobe bayan Isha zan ba da amsa”, kuma ka bayar.

Yana iya tuna maka alherin da ya yi maka. Idan ya yi, kada ka yi gardama, kada ka rage masa ko ƙwaya. Ka ce, “Ban manta ba, Yaya, kuma ba zan manta ba. Allah ya saka da alheri.” Ka tsaya nan. Alherin gaskiya ne, kuma ana rama shi da abin da mutum ke iyawa, ba da abin da zai jefa shi da iyalinsa cikin rigima ba. Iyalin nan kuwa ƙanwarsa ce da ’ya’yanta.

Idan ya huce har ya tambaye ka to yaya za a yi da kuɗin, a nan kana da abin bayarwa. Ba dole sai wani ya riƙe ba: kowane wata masu zubi su miƙa kai tsaye ga mai kwasa, kowa ya sa shaidar biyansa a zaure. A rubuta sunaye da watan kowa a takarda da shaidu biyu, yadda aya ta 282 a Suratul Baƙara ta yi umarni a kan bashi. Wanda bai daɗe da zuwa ba ko aikinsa ke rawa a sa shi can ƙarshe, masu kwasar farko kuma kowa ya kawo wanda zai tsaya masa. Amma sai in ya tambaya. Wanda ya ƙi shiga ya kuma zo yana tsara wa mutane adashinsu ba a jin daɗinsa.

Bayan kun rabu lafiya, sai zaure. Tsohon saƙon kowa ya riga ya karanta, ƙyale shi. Kada kuma ka fice daga zauren, ficewa a irin wannan lokaci ta fi kalmar da ka rubuta ƙarfi. Ka aika saƙon murya gajere, don a ji sautinka: “Assalamu alaikum. Maganar da na rubuta kwanan baya ta yi kaushi, ina neman afuwar Yaya da ku duka. Ban zargi kowa ba. Ban da ni a wannan zagayen, Allah ya sa albarka, ya kai ku ƙarshensa lafiya.” Kada ka ambaci wanda ya ce ka mai da su ’yan damfara, kada ka ba shi amsa ta daban. Idan kuma ba ka da niyyar shiga zagaye na gaba, cire “a wannan zagayen”, don za a riƙe maka ita a matsayin alkawari.

Matarka kada ka sa ta tsakiya. Roƙonta ta kira yayanta zai sa ta zaɓi tsakanin miji da ɗan’uwa a kan abin da ba ta gani ba. Amma bayan ka je ka dawo, ka gaya mata a taƙaice da bakinka, domin labarin Jidda ba ya daɗewa bai isa Kano ba, kuma gara ta ji daga wurinka.

Abin da zai tabbatar wa mutanen nan cewa adashin ka ƙi, ba su ba, shi ne abin da za su gani a watannin da ke tafe. Akwai taron da ba a cewa “ban da ni” a cikinsa in ba da larura ba: jana’iza, ta’aziyya, dubiya, walimar aure, da gudummawar wanda asibiti ko rasuwa ta rutsa da shi. Ka ware abin da ba zai girgiza ka ba, ko riyal 50 ne a wata, don irin waɗannan, kuma ka riƙa kasancewa cikin na farko da ke zuwa. Mutumin da ake gani a wurin makoki ba a daɗe ana riƙe masa ƙin adashi.

Ita kuma “ba da ni ba” kada ka jefar da ita, akwai ranarta, kuma a sana’arka ranar tana zuwa kowace shekara. Idan lokacin aikin Hajji ya gabato za a samu wanda zai ce ka shigar masa da mutane Makka ta bayan shingen bincike, ba su da izinin Hajji, ga kuɗi masu kauri. A 2025 Ma’aikatar Harkokin Cikin Gida ta Saudiyya ta sanar da tarar da ta kai riyal 20,000 ga wanda ya yi Hajji ba izini, da wadda ta kai 100,000 ga mai jigilar masu bizar ziyara zuwa Makka a lokacin, baƙon da aka kama ya saci hanya kuma a mayar da shi ƙasarsa a hana shi shigowa shekara 10. Haka wanda zai miƙo maka ƙulli a filin jirgi ya ce ka kai wa wani, ba ka ga abin da ke ciki ba, a ƙasar da hukuncin safarar miyagun ƙwayoyi ke kaiwa ga kisa. A irin waɗannan “a yi mini uzuri” ta yi laushi, tana sa a dawo maka gobe da ƙarin farashi. Nan ake cewa “ba da ni ba” a fili, ko wane ne ya kawo, domin hukuncin da ke cikin kalmar shi ake so a ji.

Idan ka je Yaya bai sake ba, kada ka ɗauka tafiyar ta faɗi. Babba yakan so a ga bai sauko da wuri ba. Ka ci gaba da gaishe shi duk inda kuka haɗu, kai ne mai fara sallama, ka kuma koma bayan mako guda ba tare da ka sake tayar da zancen ba. In wata ya wuce fuska ba ta sake ba, ka nemi dattijo ɗaya da yake jin nauyinsa, wanda ba ya cikin adashin, ka ba shi labarin yadda yake har da kalmar da ka rubuta. Ka roƙe shi ya isar da abu biyu kawai, cewa ka yi nadamar kalmar kuma ba ka zargi kowa ba. Ka gaya masa tun farko cewa zubi da asusu ba sa cikin abin da za a sasanta, domin masu sulhu suna son raba gardama biyu, in ba ka faɗa ba sai ya dawo maka da albishir cewa an amince ka riƙe rabin hannu.